Filin Masu Sana'ar Katako: Wane cok ne zai hau injina?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato cok na injin juya katako, ƙarfen nan mai haƙora da ake ɗaurawa a bakin shaf (sandar ƙarfen da moto ke juyawa) ya riƙe itace ta gefe ɗaya don a samu damar rarake cikinsa. Sai na haɗa su wuri guda, wanda bai ga tasa tambayar ba ya duba da kyau, wataƙila amsarsa na cikin ta wani.

Tambaya: Salam Malam, don Allah ina neman shawara. Ni kafinta ne a Zariya, ina da ƙaramin injin juya katako ɗan China da na saya na hannu, ƙafafun gado da na kujera nake yi da shi. To yanzu ina so in fara akushi da kwanukan ado sai na yi odar cok ta intanet, ya daɗe kafin ya iso, da na zo ɗaurawa sai ya shiga zagaye ɗaya da rabi ya cije. Yaron shagona ya ce mu sa sifana mu matse da ƙarfi zai wuce. In matsa ko kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka matsa, don Allah ajiye sifanar nan. Cok ɗin da ya dace da injinka da hannu kawai yake shiga, sumul, tun daga zagayen farko har ya je ya zauna a kafaɗar shaf, wato ɗan tudun da ke bayan inda ake murɗa shi. In ya cije a hanya to tiredinsa, wato layukan nan irin na noti da ake murɗawa a kai, da na shaf ɗinka ba ɗaya ba ne, kuma in ka tilasta shi tiredin shaf ne zai cinye, kaga maimakon asarar cok ɗaya ka jawo wa kanka asarar injin gaba ɗaya, don shaf ɗin irin waɗannan injunan ba a samunsa a kasuwa sai dai a yanko maka sabo.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne babu tiredi guda ɗaya da duk injuna suka haɗu a kai. Kowace ƙasa da nata, wani lokacin ma kowane kamfani da nasa. Matsakaitan injuna da yawa, musamman waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka, inci 1 ne kaurin shaf ɗinsu da tiredi 8 a kowane inci, shi ne za ka ga an rubuta 1 x 8. Manyansu kuma inci 1 da kwata da tiredi 8. A Turai wanda ya fi yawa yanzu shi ne M33 x 3.5, ma'ana kauri milimita 33, tazarar da ke tsakanin tiredi da tiredi milimita 3.5. Ƙananan injuna akwai masu kwata uku na inci da tiredi 16, irin tsofaffin Record na Ingila, akwai masu kwata uku da tiredi 10, akwai kuma M18 x 2.5 a wasu masu araha. In tsohon injin Ingila ne ya faɗo hannunka, Myford ML8 inci 1 ne da tiredi 12, Union Graduate kuma inci 1 da rabi da tiredi 6. Kaga abin da yawa, kuma ido ba ya rabe su.

Inda aka fi faɗawa rami wuri biyu ne. Na farko tsakanin M33 da inci 1 da kwata, don inci 1 da kwata milimita 31.75 ne, bambancinsu da 33 bai kai milimita 1 da rabi ba, cok ɗin M33 zai fara hawa shaf ɗin inci 1 da kwata yana ɗan girgiza sai ya cije. Na biyu tsakanin M18 x 2.5 da kwata uku mai tiredi 10, su kam tazarar tiredinsu kusan ɗaya ce, 2.5 da 2.54, kaurin ne kawai ya bambanta, 18 da 19. Tunda ka ce injinka ƙarami ne ɗan China, ina kyautata zaton nan ka faɗa, amma kar ka tafi da zatona, ka auna.

Ga yadda za ka auna. Ka ari baniya, ma'aunin nan mai baki biyu da masu gyaran ƙarfe ke amfani da shi, ka goge shaf ɗin tas ka auna kaurinsa a kan tiredin, kar ka damu in ka ga ya ɗan gaza lambar da ake faɗa da kaɗan, haka yake dama. Sannan ka samu farar takarda ka naɗa a kan tiredin ka goga fensir a kai, layukan za su fito, sai ka shimfiɗa takardar ka sa rula. Ka auna daga layi na 1 zuwa layi na 6, tazara 5 kenan. In ka samu milimita 17.5 to 3.5 ne, in ka samu kusan 16 to tiredi 8 ne a inci, in kusan 12 da rabi to ka koma ga kaurin ya raba maka gardama, in kusan 8 to tiredi 16 ne. In duk wannan ya yi maka wahala, kwance farantin da ya zo da injin, wanda ake ɗaure katako da sukuru a jikinsa, ka kai wa mai injin yanka tiredi, yana da ma'aunin tiredi, cikin minti biyu zai faɗa maka.

Yanzu maganar cok ɗin da ka riga ka saya. Juya shi ka duba bayansa. Iri biyu ne, akwai wanda aka yanka tiredin a jikinsa kai tsaye, akwai wanda ake cusa masa adafta, wani ɗan ƙarfe mai tiredi ciki da waje wanda yawanci kansa kamar noti yake. In mai adafta ne ka ci sa'a, adaftar kawai za ka canja, amma ka tabbata ta kamfanin cok ɗin ce don adaftar wani kamfani ba ta shiga ta wani, ko ta shiga ba ta zama daidai. In kuma mai tiredi a jiki ne, akwai adaftar da ake ɗaurawa a kan shaf ta mayar da shi wani tiredin, tana aiki, sai dai tana ƙara nisa tsakanin cok da boris, kuma duk ƙarin nisa ƙarin girgiza ne, a ƙaramin inji za ka ji shi a hannunka. Ni dai duk wanda ya tambaye ni kafin ya saya, mai adafta nake ce masa ya nema, saboda yau da gobe za ka canja inji, cok mai kyau kuwa sai ya ga bayan injuna biyu uku.

Wani abu kuma da ya kamata ka riƙe, ba tiredi ne ke miƙar da cok ba, kafaɗar shaf ce. Tiredi ja kawai yake yi, amma fuskar bayan cok ko ta adafta dole ta manne da kafaɗar nan ko ta ina babu ko ɗan haske a tsakani. Ɗan garin katako ƙwaya ɗaya in ya maƙale a wurin ya isa ya sa cok rawa, a bakin akushi mai faɗi kuma rawar ta ninka. Shi ya sa kafin kowace ɗaurawa ake goge tiredi da kafaɗa da tsohon buroshin haƙori. Bayan ka ɗaura, ka matso da majinginar cizil kusa, ka riƙe fensir a kanta bakinsa na ɗan taɓa jikin cok, ka juya da hannu, inji a kashe. In layin fensir ya zagaye gaba ɗaya alhamdulillahi, in a gefe ɗaya kawai ya taɓa to kwance ka sake dubawa.

Tambaya: Oga barka da aiki. Injina na gida ne, mai walda ya haɗa min shi da moto da boris biyu da shaf. Na ga cok mai haƙora uku na injin ƙarfe a Panteka, mai nauyi ne sosai kuma kuɗinsa bai kai rabin na katako ba. Nace ko in saya a walde min shi a bakin shaf ɗin? Daga mai karatunku a Kaduna.

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Tambaya biyu ka yi a cikin ɗaya kuma duka biyun amsata a'a ce, amma bari in faɗa maka dalili don kar ka ga kamar ina raina injin gida ne, wallahi ba na raina shi, yawancin ƙafafun gadon da ke garuruwanmu a kan irinsa aka yi su.

Cok mai haƙora uku don ƙarfe aka yi shi. Haƙoransa sirara ne, wuri uku kawai suke taɓawa, ƙarfe ba ya lotsewa shi ya sa suke riƙe shi gam. Katako kuwa lotsewa yake, kana matsewa haƙoran na nutsewa cikinsa, ka fara aiki cizil ya ɗan kama sai riƙon ya saki, itacen ya fito. Sannan haƙoran suna leƙowa waje da jikin cok ɗin in ka buɗe su, kuma in yana gudu ba ka ganinsu. Mai aikin ƙarfe hannunsa na nesa a kan hannun injin, kai kuwa yatsunka na wurin, ga samfefa a hannu kana bi da ita har gindin aiki. Ga nauyi, boris ɗin da aka sa maka don ƙafar kujera ba lallai ya jure shi ba. Haka ma mai haƙora huɗu wanda kowane haƙori da nasa sukurun, da ake haɗowa da wasu injuna masu araha, shi ma ban yarda da shi ba.

Na katako daban yake. Haƙora huɗu ne masu lanƙwasa, in sun haɗu sai su zama zobe, suna tafiya tare da makulli ɗaya saboda wani faifai mai zanen dodon koɗi da ke ciki, kuma cikin haƙoran a karkace yake ta yadda zai rungume wuyan katakon, wato ɗan zagayayyen tudun da ake fitarwa a gindinsa don cok ya kama, ya ja shi ciki. Wani kamfanin New Zealand mai suna Teknatool ne ya fito da irinsa da sunan Nova a 1988, yau kuma akwai Oneway na Kanada, Vicmarc na Ostareliya, Axminster da Record Power da Robert Sorby na Ingila, ga kuma na China birjik masu kwaikwayonsu, wasu suna da kyau wasu sai a hankali. In na China za ka saya, abin da za ka duba shi ne ka rufe haƙoran gaba ɗaya ka ga ko sun haɗu daidai ba wanda ya riga wani, ka kama kowane ɗaya ka girgiza ka ji ko yana wasa da yawa, sannan ka tambaya ko ana samun wasu haƙoran da za su hau shi, don cok ɗin da ba shi da haƙoran canji rabin cok ne.

Walda kuma, zafinta yana jan ƙarfe. Ko mai waldar ya kai gwani ba zai iya tsayar da cok a tsakiya daidai ba, zai karkace, kuma ba ka da hanyar gyarawa, ba ka da hanyar cirewa ka sa faranti ko tsini. Abin da za ka yi shi ne ka kwance shaf ɗin ka kai wa mai injin yanka ƙarfe, ai kuna da su a nan Panteka ɗin, ka tafi masa da cok ɗin ko adaftarsa a hannu, ya yanka tiredi a bakin shaf daidai da shi ya kuma fitar da kafaɗa mai faɗi wadda ta miƙe da shaf ɗin. Ka ce masa 1 x 8 ko M33 x 3.5 gwargwadon kaurin shaf ɗinka, don su ne ba za ka sha wahalar samun kayansu ba nan gaba. In shaf ɗin siriri ne ko ya riga ya lanƙwashe, a yanko sabo kawai. Kuma tiredin dama ne, irin na noti na yau da kullum, saboda injin yana juyowa ne ta wajenka daga sama, ƙarfin yanka sai ya riƙa ƙara ɗaure cok ɗin. Ka tabbata moton naka ba a juye aka haɗa shi ba.

Sai maganar gudu, wadda ita ce ta fi damuna da injunan gida. Moton da muke samu a nan ko mai zagaye kusan 1400 ne a minti ko mai kusan 2800, kuma sau da yawa fuli ɗaya ake sa musu. Gudun da ya dace da ƙafar kujera mai kaurin inci 2 hatsari ne ga akushi. In motonka 1400 ne, fuli mai inci 3 a moto da mai inci 6 a shaf zai ba ka 700, mai inci 9 a shaf zai sauko da kai ƙasa da 500. Kafin ka kashe kuɗi a cok, fara kashewa a fuli mai hawa-hawa.

Tambaya: Malam ni cok ɗina ya hau lafiya, mai haƙora huɗu ne na katako. Amma sau biyu akushi na fita daga ciki ina tsaka da rarakewa, na biyun ma ya wuce ta gefen kunnena ya daki bango ya rabe. Kuma wallahi ina matsewa iya ƙarfina. Maɗaci ne ɗanye, faɗinsa kamar inci 12. Ko cok ɗin jabu ne? Daga Maraɗi.

Amsa: Subhanallahi, Allah ya ƙara tsarewa ɗan'uwa. Ka dakata da wannan aikin sai ka karanta amsar nan zuwa ƙarshe. Ban ga cok ɗinka ba, amma a irin wannan matsalar galibi ba cok ne mai laifi ba, wuyan da aka fitar wa katakon ne, kuma ƙarfin matsewa ba ya gyara wuyan da bai yi daidai ba, sai ma ya murƙushe shi.

Ka ɗauko rabin akushin da ya fashe ka duba gindinsa. Abu na farko tsawon wuyan. Mutane na ganin kamar in wuya ya yi tsawo ya fi riƙuwa, alhali in ya yi tsawo har ya taɓa ƙasan haƙoran to ka lalata komai, don akushin zai tsaya ne a kan ƙarshen wuyansa yana lilo. Inda ya kamata ya zauna shi ne a kan fuskar haƙoran ta sama, kafaɗar katakon ta kwanta a kansu ɗaf, ko takarda ba za ta shiga ba, ƙarshen wuyan kuma ya rage ɗan fili a ƙasa. Ga haƙoran milimita 50 da yawanci suke zuwa da cok, wuya mai tsawon milimita 6 zuwa 8 ya wadatar. Kafaɗar kuma a miƙe take ko ta ɗan shiga ciki kaɗan, lungun da ke tsakaninta da wuya a share shi tsaf, kar a bar ɗan tudu a wurin.

Abu na biyu faɗin wuyan. Haƙoran nan daga zobe ɗaya aka yanka su gida huɗu, don haka wuri ɗaya ne kawai suke zama cikakken da'ira, wato lokacin da suka kusa rufewa, saura ɗan fili kaɗan a tsakaninsu. A nan ne duk jikinsu ke taɓa katako. In ka yi wuya mai faɗi har ka wage su sosai, kusurwoyinsu takwas ne kawai za su soki itacen, za ka ga alamarsu a jikin wanda ya fashe in haka ne. Ka yanka ɗan ma'auni da filawud daidai faɗin nan ka rataye kusa da inji, kullum da shi za ka riƙa gwadawa. Abu na uku karkatar wuyan ta bi karkatar haƙoran, ka kalli naka da kyau, in a karkace suke ka yanka wuyan ya fi faɗi a ƙarshensa daidai da su, in kuma miƙaƙƙu ne masu zara-zara to wuyan ma miƙaƙƙe.

Amma ni a ganina babbar matsalarka ita ce akushin ya fi ƙarfin haƙoran. Abin da masu sana'ar suka saba bi shi ne faɗin wuya ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin akushi. Inci 12 kusan milimita 300 ne, kaga wuyan milimita 100 yake so, kai kuma ina zaton na 50 ka ba shi. Ka nemi manyan haƙora, in cok ɗin ƙarami ne da ba zai ɗauke su ba to ka sauko zuwa akushin inci 6 ko 7, manyan kuma ka yi su a faranti da sukurori. In za ka canja haƙora ka lura da lambobin da ke jikinsu, 1 zuwa 4, kowanne da gurbinsa, ka sa sukurorin sakwa-sakwa tukuna, ka rufe cok ɗin su daidaita kansu sannan ka ɗaure.

Ɗanyen itace kuma yana da nasa hali, laushi gare shi, haƙora na nutsewa a hankali, ga shi yana bushewa yana motsi tun yana kan inji balle a iskarku ta Maraɗi. Duk bayan ɗan lokaci ka kashe inji ka ƙara matsewa, kuma in cok ɗin yana da ramin makulli biyu ka matse ta duka biyun. Kar ka fitar da wuya a kan ɓawo ko farin gefen itace mai taushi ko inda tsaga take. Wasu maimakon wuya rami suke yi a gindi su buɗe haƙoran a ciki, yana yi ga faranti mai faɗi, amma ga akushi mai zurfi ban so shi ba, don turawa waje yake yi kuma abin da ke tsaga itace kenan, in za ka yi to ka bar nama mai yawa kewaye da ramin.

Ka riƙa kawo tsinin baya, wanda ke ɗaya ƙarshen injin, ya tokare aikin muddin bai tare maka hanya ba, sai ka zo cire tsakiya sannan ka janye shi. Gudu kuma akwai lissafin da wani malamin sana'ar a Amurka, Dale Nish, ya koyar: faɗin aiki a inci in ka ninka shi da gudun inji, wato zagayensa a minti, amsar ta tsaya tsakanin 6000 da 9000. Naka mai inci 12 kenan tsakanin 500 da 750, wannan ma bayan ya zama da'ira ne, in yana da gefe mai nauyi ƙasa da haka za ka fara. Lokacin kunnawa kar ka tsaya saitin akushin, koma gefe. Ka sayi garkuwar fuska mai rufe har haɓa, tabarau kaɗai ba ya tare akushi. Hannun riga a naɗe, babbar riga da rawani da carbi a wuya duk a ajiye su nesa.

Tambaya: Cok ɗina ya ƙi fita daga shaf, kuma makullin ma da ƙyar yake juyawa. Wani ya ce in sa ƙarfe a haƙoran in kunna injin baya. Daga Jos.

Amsa: Kar ka kuskura ka kunna. Zare filogi daga wuta tukuna. Duba gefen adaftar ko akwai ɗan ƙaramin sukuru mai shan alanki, wasu cok ɗin suna da shi don kar su kwance in ana juya inji baya, in yana ɗaure ka ja da ƙarfi zai yage maka tiredi. In ka sassauta shi, riƙe shaf da sifana ko sandar da aka yi don haka, kar ka dogara da ɗan fil ɗin da ake raba da'ira da shi don karyewa yake. Sai ka sa sifana a kan adaftar, ko ka matse guntun katako mai ƙarfi a tsakanin haƙoran, ka buga masa tafin hannu sau ɗaya da sauri, bugun ne ke sakinsa ba ja ba. Abin da ke jawo wannan yawanci shi ne an bar cok bai gama zama ba sai aka kunna inji ya fizge shi ya buga a kafaɗa. Akwai masu sa wosha ta roba a tsakani, tana hana maƙalewa amma tana iya kawo rawa, ni na fi son ɗigon mai a tiredi da ɗaurawa da hannu har ƙarshe.

Taurin makulli kuwa ƙura ce da garin katako suka cika faifan ciki, musamman in bayan cok ɗin a buɗe yake, ga hunturu. Wanke shi da kananzir da buroshi, ya bushe, ka sa mai kaɗan. Kar ka cika shi da giris, giris da ƙura in sun haɗu sun zama laka. Da damina kuma ka riƙa shafa masa ɗan mai a jiki saboda tsatsa. Tunda muna maganar makulli, kar ka taɓa barinsa a jikin cok ko na daƙiƙa ɗaya, kuma in an ɗauke wuta kana aiki ka kashe makunnin nan take, don injin da ba shi da makunni mai sakin kansa zai tashi da kansa in an dawo da ita, wataƙila lokacin hannunka na cikin haƙora.

Tambaya: Malam ina wuni. Ɗana ne ya gama koyon aiki, na tara na saya masa inji na hannu, yanzu ya ce sai an saya masa cok kafin ya fara kwanuka, ni kuma gaskiya ƙarfina ya ƙare. Dole ne? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Lafiya lau Hajiya, Allah ya saka miki da alheri ya sa ki ci moriyarsa. Ba dole ba ne. An daɗe ana juya kwanuka a duniya kafin a ƙirƙiro wannan cok ɗin, sauri yake ƙarawa da sauƙi, kuma duk aikin ƙafafun gado da kujera da sandunan bene tsakanin tsini biyu ake yinsu, ba ruwansu da cok. Ki ce ya duba kayan da suka zo da injin, da wuya a rasa faranti a ciki. Zai ɗaure guntun katako mai ƙarfi a farantin da sukurori masu kauri, ba irin baƙaƙen nan masu saurin karyewa ba, ya share fuskarsa ta miƙe, ya manna busasshen itacen da zai yi kwanon da shi da gulu mai kyau, ya bar shi ya kwana a matse, gobe ya juya waje da ciki, in ya gama ya yanke shi daga guntun. Gindin kuma sai ya juya wani katakon ya yi masa gurbi daidai bakin kwanon, ya kifa shi a ciki ya tokare da tsinin baya ya gyara a hankali da ƙaramin gudu. Guntayen da zai yi wannan da su ba sa tsada, in ya leƙa 'Yan Katako a Na'ibawa zai samu ragowar yanka.

In ya fara sayarwa ya tara da kansa, sai ya auna shaf ɗinsa kamar yadda na yi wa ɗan'uwanmu na Zariya bayani, ya nemi mai haƙora huɗu mai adafta, jikinsa wajen milimita 90 zuwa 100 in injin matsakaici ne, in ƙarami ne ƙasa da haka don kar nauyi ya kashe masa boris. Yawancinsu suna zuwa da haƙoran milimita 50 da wani babban sukuru da ake matsewa a tsakiya don riƙe itace a farkon aiki, waɗannan biyun sun ishe shi shekarar farko. Abin da zan roƙe ki ki saya masa yanzu, in da ɗan abin da ya rage, garkuwar fuska ce da abin rufe hanci saboda ƙura, kuma ki sa ido ki ga yana sa su.